Karatun 'Yan Shekara Uku: Sharhi Kan Littafi da Hanyar Koyarwa a Makarantun Nazire na Samaru da Sabon Gari

Kafin in shiga maganar da na ke nufi, ya kamata in gaya wa masu karatu abin da ya jawo ta. Wata rana cikin hunturu yayata ta roƙe ni in biya in ɗauko mata ɗanta daga wata makarantar nazire a Samaru. Yaron bai cika shekara huɗu ba. Na isa tun ba a tashi ba, sai na tsaya bakin taga ina kallo. Ɗakin cike ya ke da yara, kowa bisa benci, hannuwa a harɗe. Malamarsu, wadda su ke kira Anti, tana nuna baƙin allo da tsumagiya, tana faɗi suna amsawa da ƙarfi har ana jiyo su daga bakin titi. Da aka tashi na karɓi littafin yaron, na buɗe shafin da su ke yi. Ya karanta mini shi tun daga sama har ƙasa, ko tuntuɓe bai yi ba. Na yi murna. Sa'an nan na ɗora yatsa bisa kalma guda a tsakiyar shafin, na ce, "Wannan fa?" Sai ya dube ni, ya koma layin farko, ya sake jawo karatun tun daga tushe. Na rufe littafin na ce ya karanta. Ya karanta daidai yadda ya yi ɗazu.

Tun daga ran nan, in na sami sarari na kan nemi izini in zauna a bayan aji a irin waɗannan makarantu, a Samaru da Hayin Dogo da cikin Sabon Gari. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, don sun karɓe ni da mutunci, kuma abin da na gani ba laifin makaranta guda ba ne. Abin da na ke so mu duba tare shi ne littafin da a ke fara damƙa wa waɗannan yara, da hanyar da a ke bi da su a kansa, da kuma nauyin da ke wuyan malamin da ya san hanyar ba ta dace ba amma ya ke bin ta.

Littafin da ɗan yayata ya haddace shi ne Queen Primer. Duk wanda ya shiga wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari ya san shi. Kamfanin Thomas Nelson ne ya fara buga shi a ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya, domin 'ya'yan Turawa. Tsarinsa a fili ya ke: a fara da abacada, a shiga kalmomi masu harafi biyu, sa'an nan masu harafi uku, a yi ta hawa. Wanda ya tsara shi ya ɗauka cewa gajartar kalma ita ce sauƙinta. Ga ɗan Bature wannan zato yana da ɗan dalili, domin kalmomin nan tun yana goye ya ke jin su, aikinsa kawai ya gane yadda kamanninsu su ke a takarda. Amma a Turanci yawancin kalmomi masu harafi biyu ba sunayen abubuwa ba ne. Ƙananan kalmomin haɗi ne, irin su "a" da "ga" da "da" a Hausa, waɗanda ba a iya nuna su da yatsa, ba a kuma iya zana hotonsu. To, a ɗauki yaron da bai taɓa jin Turanci a gida ba, a ce ya fara da mafi wuyar ganewa cikin kalmomin harshen. Me ya rage masa in ba hadda ba?

Akwai abin da ya fi wannan. Harafin "o" da ke cikin kalmar Turanci go ba shi da sauti ɗaya da wanda ke cikin do da to, alhali kuwa idon yaro abu ɗaya ya ke gani. Tun a makon farko ke nan an koya masa cewa harafi ba abin amincewa ba ne. Ga kuma sunan harafi daban, sautinsa daban: ana sa shi ya rera sunayen haruffa 26 a waƙe, amma in ya jera sunayen nan a cikin kalma ba za su ba shi kalmar ba. Bayan haka sai sautukan da kunnen Bahaushe bai saba rarrabewa ba. Hausa ba ta bambanta "p" da "f" yadda Turanci ya ke yi, ba ta da "v", ba ta kuma da sautukan nan biyu da a ke rubutawa da "th". Gaɓar Hausa iri uku ce kurum: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a cunkushe. Shi ya sa da kakanninmu suka ari sunan gurasar Turawa suka raba baƙaƙen suka ce burodi, suka kuma ce sukurdireba. Abin da manya suka yi wa harshen don ya zauna a bakinsu, shi a ke bugun yaro in ya yi.

A watan Oktoba 2023 hukumomin Jihar Kano suka hana amfani da wannan littafi, har Majalisar Wakilai a Abuja ta tofa albarkacin bakinta. Dalili kuwa shi ne wata kalma guda wadda ma'anarta ta sauya a Turanci tun bayan da aka rubuta shi. Ba ni da ta cewa game da wannan hukunci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, littafi ya shekara da shekaru a hannun yaranmu yana koya musu karatun aku, ba wanda ya ɗaga murya, sai da aka tsinci kalma ɗaya. Ko da za a kankare ta a yau, sauran shafukan suna nan da aibinsu.

Yanzu a gwada shi da rubutun Hausa na boko. In yaro ya san "b" ya san "a", ya san "ba", kuma "ba" ɗin nan ba za ta rikiɗe masa gobe ba. Wasula biyar ne. Da baƙaƙe kaɗan zai haɗa baba, da biri, da rana, da tuta, kalmomin da ya san abin da su ke nufi, har ya yi dariya in an haɗa su cikin jimla mai ban dariya. Dariyar nan ita ce shaidar cewa karatu ya ke yi. Ban ce rubutunmu ba shi da giɓi ba. Ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti, saboda haka gari na tuwo da gari na zama kamanninsu ɗaya, haka kuma kuka na hawaye da kuka ta miya. Amma mai jin Hausa jimla ce ta ke warware masa, kuma ɗan shekara biyar ya riga ya mallaki wannan a kunnensa. Masana a Turai sun auna irin wannan bambanci. A 2003 Philip Seymour na Jami'ar Dundee da abokan aikinsa suka gwada yara masu koyon karatu cikin harsuna 13 na Turai. Suka tarar yaran da rubutun harshensu ke bin sauti, kamar na Finlan da Italiya da Girka, kafin ƙarshen shekarar farko sun iya karanta kusan duk kalmar da aka ba su, amma masu koyo da Turanci sai sun ninka wannan lokaci, ko fiye. Waɗannan fa 'ya'yan masu harshen ne. Mu kuwa muna da rubutu irin mai sauƙin, muka ajiye shi, muka ɗauko mai wuyar muka ɗora wa ɗan shekara uku wanda bai ma ji harshen ba.

Wani zai ce ai hadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, da ita makarantar allo ta ke farawa. Gaskiya ne, amma a duba yadda malaman allo suka jera abin. Kolo ya kan fara da biya gajerun surori da ka, wannan don ibada ne, kuma ba wanda ya ke cewa ya iya karatu saboda haka. In lokacin sanin harafi ya yi sai a shiga babbaƙu, a bi da farfaru, sa'an nan a koya masa haɗawa. Sunayen haruffan kuwa, ga su nan da Hausa: ba guje, lam ara, ha kuri, jim ƙarami koma baya. Watau malaman dauri sun ga harafin baƙo ne ga yaro, sai suka laƙa masa suna da harshen da yaron ya ke ji, suna mai bayyana siffar da idonsa ke gani. Ni a ganina wannan dabara ta fi ta Queen Primer kusa da hankalin yaro nesa ba kusa ba. Ba na yabon dorinar da ke rataye a zauren, kuma na san yara da yawa sun sha wuya a ƙarƙashinta. Abin takaici shi ne makarantar nazire ta gaji bulalar, ta bar dabarar.

To, da wane ma'auni za mu auna wannan aiki? A Amurka akwai ƙungiyar malaman ƙananan yara wadda a ke taƙaita sunanta NAEYC. A tsakiyar shekarun 1980 ta ga ana ta tura karatun firamare ƙasa zuwa ajin 'yan shekara huɗu da biyar, watau irin cutar da mu ke fama da ita. Sai ta fitar da wani littafi a 1987, wanda Sue Bredekamp ta tace, a kan abin da zan kira da Hausa koyarwa gwargwadon girman yaro. Gindin maganar shi ne malami ya san abin da yara masu waɗannan shekaru su ke iyawa, ya kuma san wannan yaron da ke gabansa, don ba a taru aka zama ɗaya ba. Da aka soki littafin cewa ɗan Ba'amurke mai hali kaɗai ya ke gani, sai a bugun 1997 aka ƙarfafa abu na uku, watau al'ada da zaman gidan da yaron ya fito. An sake gyara bayanin a 2009 da 2020. Kafin su kuwa Friedrich Froebel a Jamus ya riga ya gina makarantar yara bisa wasa tun wajen 1840, Maria Montessori kuma ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Sunanta yana bisa allunan makarantu da dama a garin nan. Na shiga wasu daga ciki, ban ga ko ɗaya daga kayan da ta ƙera don yara su taɓa da hannu ba.

Kada a ɗauka Turawa ne suka koya mana cewa girma hawa-hawa ne. Harshenmu kansa ya ƙidaya matakan: jariri, mai zama, mai rarrafe, mai tatata, yayayye, mai famfara, har a ce yaro ya yi wayo. Ba a aiken yayayye kasuwa, amma a kan aike shi ɗakin kaka da ludayi, don ya saba. Tsofaffinmu da suka shiga elementare suna ba da labarin yadda a ke sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in bai kai ba a ce ya koma sai baɗi. Gwaji ne na ƙauye, ana iya yi masa dariya, amma mai yin sa ya yarda akwai lokacin da jiki bai isa ba. Ƙasusuwan wuyan hannun ɗan shekara uku ba su gama ƙwari ba, riƙon fensir da yatsu uku kuwa sai a hankali ya ke zaunawa. Duk da haka na ga ana ba irin wannan yaro aikin gida, ya cika shafi da lambobi tsakanin layuka biyu. Kowa ya san wanda ya ke yin aikin: uwa ce ta ke kama hannun, ko yaya ta rubuta da hagu don ya yi kama da na yaro. Malama ta sani, ta sa maki da jan biro. Ƙarya ce aka taru a kanta, yaron kuwa yana kallo.

Sai dai ma'aunin na Amurka shi ma ba a ɗauko shi ɗungurungum. An tsara shi ne don aji mai yara kaɗan da kayan wasa tuli, ga kuma zaton cewa yaro mai lafiya shi ne mai kallon babba ido cikin ido yana jero tambayoyi. Ɗan Bahaushe da ya sunkuyar da kai gaban malami kunya ya ke nunawa, tarbiyya ce aka yi masa, kuma malamar da ta rubuta a katinsa cewa ba shi da kuzari ta zalunce shi. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna irin nauyin da yara ke ɗauka na aike da saye da sayarwa tsakanin gidajen kulle. Bame Nsamenang na Kamaru shi ma ya yi rubutu a kan yadda yaran Afirka su ke koyo a hannun yayyensu da sa'o'insu. Yarinyar da ta ke kai wa maƙwabta saƙo ta dawo da canji daidai ta san lissafin da katin makaranta bai san ta sani ba. Saboda haka in mun ce a koyar da wasa, ba lalle ne sai an sayo kayan roba daga waje ba. Carafke ƙidaya ce da saita ido da hannu. Langa da gaɗa motsa jiki ne da bin ƙa'ida. Kacici-kacici horon tunani ne, ƙarangiyar magana kuwa, a wurin mai ilmin harshe, ba abin da ya fi ta wasa kunnen yaro ya rarrabe "k" da "ƙ", ko "d" da "ɗ", abin da zai bukata ran da ya fara rubutu. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi suna nan a rubuce tun daga tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913, har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya. Ban ga ko ɗaya a teburin wata Anti ba.

Game da hukuma, maganar tana da ɗan tsawo, zan taƙaita. Manufar ilmi ta ƙasa, tun fitowarta ta farko a 1977, ta ce a ajin share fagen firamare a koyar da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin su ke yi, kuma babbar hanyar koyarwa ta zama wasa. Bugun 2004 ya ƙayyade yara 25 ga malami guda. A watan Nuwamba 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci za a yi tun daga ajin farko, ya kuma kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar ƙarshen sakandare. Ni dai abin da na ke iya shaida shi ne, a makarantun kuɗi da na shiga ba a soke kome ba, don ba a taɓa farawa ba. A wasu ma har yau in yaro ya yi Hausa sai a ce ya yi "banakula", a hukunta shi. Da wuya a ɗora wa magani laifin mutuwar majinyacin da bai sha shi ba.

Kuma ba a rasa gwaji ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara koyar da wasu yara dukan darussa da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi. Ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. A nan Samaru, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a farkon shekarun 1970 tare da UNICEF da UNESCO, aka shirya kayan koyarwa da Hausa, aka tura masu horon malamai suna zagaya makarantu. Daga baya shirin Mu Karanta ya yi littattafan fara karatu a Bauchi da Sakkwato. Amma in za mu yi adalci, dole mu faɗi cewa gwaje-gwajen karatu da aka yi a waɗannan jihohi biyu kafin shirin sun tarar yawancin 'yan ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Watau harshen uwa shi kaɗai ba ya koyar da kowa. In babu littafi, babu malamin da aka horar, aji kuma ya cika ya batse, yaro zai fita da Hausarsa a baki, ba a takarda ba. Uban da ya ga haka a makarantar gwamnati ya kwashi ɗansa ya kai na kuɗi, ba wauta ya yi ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu makarantu su ke kawowa ita ce ta Sabon Gari, kuma ta cancanci a saurare ta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 aka kafa unguwar domin baƙi, Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauransu. Samaru ma, saboda jami'a da cibiyar binciken noma, ta tara mutane daga ko'ina. Mai makaranta ya ce mini, "Malam, a aji guda ina da harsuna shida, da wanne zan koyar?" Na ce ya fito mu tsaya a fili lokacin tara. Muka tsaya. Yaran da ke faɗa kan lilo da Hausa su ke yi, har da waɗanda ba ita a ke yi a gidajensu ba. Wannan shi ne harshen jama'ar wurin da manufar 1977 ta ke nufi. Amma ban ce haka ta ke a kowane aji ba. Akwai ɗan da iyayensa ba su daɗe da zuwa ba, akwai gidan da Turanci ko Burokan ne harshen tuwo. In muka tilasta wa wannan yaro Hausa da tsawa, mun yi masa abin da mu ke kuka an yi wa namu. Abin da na ke nema ƙarami ne: kada a hukunta yaro don ya yi magana da harshen da ya ke da shi, a bar malama ta yi bayani da abin da yaron zai gane, a ba da Turanci ta kunne da baki, cikin waƙa da wasa da hira, a jinkirta rubuta shi har sai yaron ya san abin da kalmomin su ke nufi.

A nan ne maganar ta zama ta amanar sana'a. Malamar nazire tana tsakanin mutum uku. Uba ya biya kuɗi, yana so ran hutu ɗansa ya yi wa baƙi Turanci. Mai makaranta yana tsoron in bai nuna littattafai cike da rubutu ba, za a kwashe yaran a kai makarantar da ke bayan layi. Na ukun shi ne yaron, wanda ba ya biya, ba ya sallamar kowa daga aiki, ba ya kuma iya kai ƙara. Ƙungiyar nan ta Amurka, a ƙa'idojin ladabin aiki da ta fitar a 1989, ta sa hana cutar da yaro a gaba da kowace ƙa'ida, ta ce in wata ta ci karo da ita, wannan ce za a bi. A nan gida an kafa Hukumar Rajistar Malamai da dokar 1993, tana kuma da littafinta na ladubban malami. Dokar Haƙƙin Yara ta fito a 2003. Takardu dai ba mu rasa ba.

Amma cuta ba bulala kaɗai ba ce, kuma wannan ne ɗalibanmu na kwalejojin horo ba su cika ji daga bakinmu ba. A jera 'yan shekara huɗu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a karanta a gaban iyaye, cuta ce. Wanda aka haifa a farkon shekara ya girmi wanda aka haifa a ƙarshenta da kusan rubu'in rayuwarsa, saboda haka sau da yawa watan haihuwa a ke ba lambar yabo, ba ƙwazo ba. A tsayar da yaro gaban aji don ubansa bai biya kuɗin zango ba, cuta ce, bashin ba nasa ba ne. A ɗauki hoton yaro da waya yana kuka, ko yana kwaɓa Turanci, a watsa don mutane su yi dariya, cin amana ne, ko da malama ba ta nufi sharri ba. A kuma rubuta wa uba cewa ɗansa ya iya karatu alhali hadda ya yi, wannan shaidar zur ce, kuma ranar tonon asiri tana zuwa a aji uku ko huɗu, sa'ad da shafi ya fi ƙarfin hadda. A lokacin sai a ce yaron ne ya lalace.

Na san abin da za a ce, malamar da albashinta bai kai ta ƙarshen wata ba, wadda a ke iya sallama da baki ɗaya, ita za a ce ta ja da mai makaranta? Ban ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Da yawansu ma ba su taɓa shiga kwalejin horo ba, sun gama sakandare ne suna jiran samun gurbi. Wanda ba a koya wa ba, ba a tuhumarsa da saɓa wa abin da bai sani ba. Tuhumar tana kanmu, mu da mu ke ba da takardar NCE da digiri. Na ga takardar da a ke auna ɗalibi da ita in ya fita gwajin koyarwa. Tana tambaya ko ya rubuta shirin darasi, ko ya yi amfani da allo, ko ya mallaki aji. Mallakar aji kuwa a wurin yawancin masu duba shi ne a ji tsit. Ajin 'yan shekara huɗu da ya yi tsit minti arba'in, ni tsoro ya ke ba ni. Da za a ƙara layi guda a takardar, a ce mai duba ya kira yaro ɗaya, ya rufe hoton da ke shafin, ya nuna masa kalma daga tsakiya, da ɗalibanmu sun gane tun da wuri abin da a ke nema gare su. Haka kuma ya kamata a koya musu yadda za su yi wa uba bayani cikin ladabi, da Hausa, cewa yaron da ya iya ba da labarin Gizo daga farko har ƙarshe bai ɓata lokaci ba, domin jeranta labari da tara kalmomi su ne abin da karatu zai hau kai. Iyaye ba sa ƙin gaskiya in an nuna musu ita a jikin ɗansu. Yayata da na yi mata gwajin rufe littafi a gabanta, shiru ta yi, sa'an nan ta tambaye ni inda za ta sami littafin Hausa na yara.

Tambayar nan tata ce ta fi ba ni kunya, don na zagaya kasuwar Samaru da ta Sabon Gari ban samo abin da ya dace da ɗan shekara huɗu ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka rubuta a nan Zariya a ƙarshen shekarun 1930, na manyan yara ne. Ka Koyi Karatu na 'yan firamare ne, shi ma sai an tona. Abin da babu shi ne ƙaramin littafi mai manyan hotuna da jimla guda a shafi, wanda babba zai karanta wa yaro yana zaune a cinyarsa. Rubuta irinsa ba ƙaramin aiki ba ne kamar yadda a ke zato. Sai an san kalmomin da yaran Zazzau masu shekara uku zuwa biyar su ke amfani da su da gaske, da baƙaƙen da su ke fara iya furtawa da waɗanda su ke jinkiri, kamar "r" iri biyu da "ts", da kuma ko ya kamata a nuna tsawon wasali a littafin farko ko a bar shi yadda manya su ke rubutawa. Wannan aikin sashenmu ne, ba na masu makarantu ba. Na fara tattara maganganun yara a gidaje biyu a Samaru da izinin iyayensu, kuma ina roƙon malaman kwalejoji da ke da ɗalibai a wasu garuruwa su sa su yi haka, a rubuta maganar yaron yadda ya faɗe ta, kada a gyara masa.